Kaktus a Tsakar Gida: A Yi Hattara da Ƙananan Ƙayoyi

Masu sayar da furanni a bakin titunan Duwala da Marché des Fleurs ta Bonapriso suna jera tukwanen kaktus mai faffaɗan ganye, wanda masu Faransanci ke kira figuier de Barbarie. Ba ya neman ban ruwa, don haka mai ƙaramin tsakar gida a New Bell zai iya cewa ya yi tsuntuwa. To, a dakata tukuna.

Asalinsa nahiyar Amurka ne. Wani irinsa gajere, Opuntia stricta, a tudun yashin bakin teku na Florida da tsibiran Karibiyan yake tsirowa. Dogayen ƙayoyinsa kowa na ganinsu ya kauce. Matsalar tana ga ɗigon da ke jikin ganyen da 'ya'yan: kowane ɗigo cike yake da ƙananan ƙayoyi masu ƙugiya, kamar ƙaiƙayin gero, sai dai su in sun shiga fata ba sa fita da wanki. Yaro mai rarrafe ya damƙa, ya kai hannu baki ko ido, sai a kwana ana kuka ba a ga abin da ya same shi ba.

In ƙayoyin sun shiga fata, kada a sosa, kada a tsotsa da baki. A samu haske a tsince su da hantsaki, sauran a manna salatif a ɗaye. In ido ne, kada a murza, a nufi asibitin gundumar New Bell ko Laquintinie.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙerana da tinya, waɗanda mutanenmu suka sani tun daga Garwa da Marwa. Suna kama da kaktus, har akan sayar da danginsu a matsayinsa, alhali ba su haɗa komai ba. In aka karya kaktus, ruwa ne mai yauƙi marar launi. In aka karya ƙerana, farin ruwa ne ke tsattsafowa, mai ƙona fata, mai iya makantarwa. Wanda farin ruwan ya fantsamar masa a ido ya yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 20, sannan asibiti. Ba a ɗiga tozali ko man zafi.

Masu zuwa gida hutu kuma, don Allah kada a ɗauki ganyen kaktus a kai arewa don shinge. Ruwan Duwala, da ke haura milimita 3,500 a shekara, yakan ruɓar da shi, amma a busasshiyar ƙasa ganye ɗaya da ya faɗi sai ya yi saiwa. A Ostareliya ya mamaye hekta miliyan 24 kafin a saki wani ƙwaro daga Ajantina a 1926 ya cinye shi. A Laikipia ta Kenya har yanzu makiyaya na fama, domin awaki na cin 'ya'yan, ƙayoyin su raunata musu baki da ciki har su kasa kiwo.