FASHIN BAƘI: Wa ke duba halin da mutum ke ciki a bayan kanta?

Lokacin da wanda aka kama ya fi fuskantar haɗarin azabtarwa shi ne kwanakin farko, kafin lauya ya iso, kafin a gurfanar da shi gaban alƙali, sa'ad da mai bincike ke neman ya amsa laifi ko ta halin ƙaƙa. A lokacin ba kowa a wurin sai shi da waɗanda ke riƙe da makullin.

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa, sannan dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Disamban 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya aikata. Sai dai hukunci yakan zo ne bayan aikin gama ya gama, idan ma ya zo. Koke-koken da suka fito da matasa kan tituna a zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 sun biyo bayan wannan doka ne da shekara uku.

Saboda haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɓullo da wata hanya a 2002, wato ƙarin yarjejeniyar da ake kira OPCAT, wadda Najeriya ta shiga a 2009. Tushenta riga-kafi ne: masu sa ido su shiga duk inda ake tsare mutane, daga ofishin 'yan sanda zuwa gidan gyaran hali da barikin soja, su duba rajista, su gana da tsararre su kaɗai ba tare da mai gadi ya kasa kunne ba. Jami'in da ya san ana iya faɗo masa kowane lokaci ba sanarwa zai yi tunani kafin ya ɗaga kulki.

Sharaɗin shi ne kowace ƙasa ta kafa tata hukumar mai cin gashin kanta. Nan gizo ke saƙar. Kwamitin yaƙi da azabtarwa da Najeriya ta kafa a 2009 an ajiye shi ne ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, ma'aikatar da ke gurfanar da mutane kuma take kare gwamnati a kotu. Wanda kuɗin man motarsa ke fitowa daga hannun gwamnati da wuya ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta so a buɗe. Ko tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zo a Satumban 2024 ta koka cewa ta sha wahalar shiga wasu wuraren, ta kuma bayyana yanayin da ta tarar a matsayin mai muni ƙwarai.

Akwai wata ƙofa da mutane da yawa ba su san da ita ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta wajabta wa alƙalin majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta maimaita hakan. A ziyarar yana da ikon neman rajistar waɗanda aka kama, ya umarci a kai mutum kotu, ko ya ba da belinsa nan take idan laifin na cikin hurumin kotunsa. Iyalan da ɗansu ya kwana goma a bayan kanta suna da damar tambayar kotun majistaren garinsu ranar da alƙali ya je ofishin a wannan watan.