Kwalekwalen Dufuna da Asalin Kakanninmu

Kusan kowace al'umma a Jihar Yobe tana da labarin inda kakanninta suka fito. Sai dai akwai wani zamani da ya riga dukkan waɗannan labarai, wanda shaidarsa ke binne a ƙarƙashin gonakinmu.

A shekarar 1987, wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune, sai ya ci karo da katako a zurfin kusan mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi, aka ga kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8. Gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, kuma shi ne kwalekwale mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka.

A wancan zamani damina tana da ƙarfi ƙwarai. Hamadar Sahara cike take da ciyayi da tafkuna, kuma Tafkin Chadi ya yi faɗin da gaɓarsa ta kai tudun yashin da ya ratsa Bama da Maiduguri. Mutane sun riƙa bin ruwa suna kamun kifi da farauta. Da ƙasar ta fara bushewa, kimanin shekara 5,000 da suka wuce, jama'a da dabbobinsu suka yi ta gangarowa kudu sannu a hankali.

Harsunanmu ma suna ɗauke da sawun wannan ƙaura. Hausa, Bade, Ngizim, Bole, Karekare da Ngamo duk dangi ɗaya ne, wato harsunan Chadi, yayin da Kanuri ke da dangantaka da harshen Tubawa na cikin Sahara. Wannan ya nuna mana cewa tun fil azal ƙasar nan mahaɗar al'ummomi ce.

Don haka muna kira ga manoma, makiyaya da masu haƙa rijiya: duk wanda ya tono tsohuwar tukunya, ƙashi, gatarin dutse ko katako, kada ya fasa, kada ya sayar, kada kuma ya ɗauke shi daga wurin, domin zurfin da abu yake kwance da ƙasar da ke kewaye da shi suna taimaka wa masana wajen gane shekarunsa. A sanar da mai unguwa ko dagaci. Su kuma hakimai da jami'an ƙananan hukumomi su kai rahoto ga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ba tare da ɓata lokaci ba.