AKORI-KURA: INJIN CIKINTA NA ASALI NE KO NA ARO?

Duk wanda ya yi sammako zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko, ko Bodija da Shasha a Badun, zai tarar da ƙananan motocin ɗaukar kaya suna ta jigilar buhunan albasa da kwandunan tumatir daga bakin manyan motoci zuwa cikin gari. A cikinsu har yanzu akan ci karo da tsofaffin akori-kura ƙirar Peugeot, watau Fijo, 404 ko 504. Da yawa daga cikin mutanen Arewa mazauna Kurmi burinsu ke nan, in Allah ya hore, su mallaki irin wannan mota, ko dai ta yi musu aiki a nan, ko kuwa su aika da ita gida ta riƙa bin kasuwannin ƙauye.

To, amma motar da ta shekara talatin ko arba'in a kan hanya da wuya a same ta yadda ta fito daga ma'aikata. Tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi, tun kafin a shiga maganar kuɗi, ita ce: injin da ke cikinta nata ne, ko an taɓa shi, ko kuwa an sauya shi ɗungum? Wanda ya biya bai san amsar wannan ba, cinikin biri a sama ya yi.

Fijo ta yi kaka-gida a Nijeriya tun lokacin da aka buɗe ma'aikatar harhaɗa ta a Kaduna cikin shekara ta 1975, aka kuma yi ta harhaɗa 504 har wajen shekara ta 2006. Saboda haka injunanta suka yawaita, kuma masu amfani da fetur ɗin 'yan gida ɗaya ne. Akwai mai girman sisi 1618 wanda aka san 404 da shi, akwai mai 1796, akwai kuma mai 1971 wanda ya zo cikin 504 da 505. A ido sun yi kama ƙwarai, shi ya sa bakanike kan fid da wannan ya zura wancan ba tare da wata wahala ba. Banda su akwai masu shan gas, ƙirar Indenor, mai sisi 1948 da mai 2304.

Sauya inji ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne ke ceton mota. Kasuwar Ladipo a Mushin, da Agodi Gate a Badun, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, duk wuraren sayar da injuna na hannu ne. Abin gudu shi ne a sayar wa mutum da na aro a kan kuɗin na asali, ko kuma a haɗa shi da injin da ba a san inda ya fito ba.

Mataki na farko shi ne lamba. Kowane inji yana da lambarsa da aka buga a jikin bulok, watau gangar jikinsa ta ƙarfe. A sami tsumma da ɗan kananzir a goge wurin, a haska da tocila, sa'an nan a gwada da lambar da ke cikin takardun motar, harafi bayan harafi. Lambar ma'aikata takan zama a jere sak, zurfinta ɗaya. Idan aka ga wurin ya yi santsi fiye da kewayensa, ko akwai sawun zarto, ko wata lamba ta karkace ta fi 'yan uwanta zurfi, to an kankare ta farko an buga wata. A nan ba sauran ciniki. Ranar da 'yan sanda ko jami'an duba lafiyar motoci suka tsai da ita a hanya suka buɗe bonet, mai motar za su riƙe, dillali kuwa ya daɗe da cin la'adarsa. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, ga shi kuma Hausawa sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Idan lamba ba ta dace da takarda ba amma ba a kankare ta ba, sai a nemi rasidin sayen injin, da shaidar cewa an sanar da ofishin lasin. Mai gaskiya ba ya jin nauyin nuna su.

Mataki na biyu shi ne duban zaman injin. Injin Fijo na fetur a kishingiɗe yake, ya jingina gefe ɗaya. Wanda ya buɗe bonet ya ga inji na fetur a tsaye ƙyam, ya san baƙo ne daga wata ƙirar mota. Sai a duba ƙafafun da injin ya zauna a kai. Na ma'aikata noti ne ke riƙe da su a ramukan da aka tanada. In an ga walda, ko sababbin huji, ko guntun ƙarfe da aka yanka aka cusa, an tilasta masa zama ne. Haka nan a duba mahaɗar inji da giya ko an sa wani faranti a tsakani, a duba bututun salansa ko an yi masa ƙari, da robobin lagireto ko an haɗa biyu da guntun bututu, da wayoyin da aka yanke aka naɗe suna lilo ba su zuwa ko'ina.

Mataki na uku ya shafi injin da lambarsa daidai take amma an yi masa kwaskwarima. Injin 404 na asali da kafireto mai maƙogwaro ɗaya ƙirar Solex ya zo. In an tarar da mai maƙogwaro biyu a kansa, daga babban inji aka ɗauko, kuma zai fi shan mai. Kawunan notin tof silinda da sufana ta cinye, da gam ɗin da ya tsattsafo a bakin gasket, alamu ne na an taɓa buɗe shi. Garambawul ɗin da aka yi da kyau riba ce ga mai saye, domin silindojin waɗannan injuna zare su ake yi a sa sababbi tare da fistin da ringi. Sai dai a tambayi abin da aka sa. Faɗin fistin na 1618 da na 1796 milimita 84 ne, na 1971 kuwa 88. Wanda bai san girman injinsa ba zai je Ladipo ya sayo ringi ko gasket da ba za su shiga ba, ga asarar kuɗi ga mota a kwance.

Sabon fenti a jikin tsohon inji abin tuhuma ne, haka ma injin da aka wanke tas ranar da za a zo dubawa, don wanki yana ɓoye yoyo. A nemi a ta da shi da sanyin safiya, a fara dafa shi a tabbata ba a ɗumama shi ba. Shuɗin hayaƙi na nuna yana ƙona baƙin mai, baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, farin da ba ya ɗaukewa kuwa ruwa ne ke shiga silinda. A zaro sandar awon baƙin mai, in ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya gauraya da shi.

Akwai kuma batun rai. An ƙera akori-kura ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya. Ƙaton inji yana ƙara mata gudu da ƙarfin jan kaya, amma birkinta da sifirin ɗinta suna nan yadda suke. Direban da ya ji mota tana ja sai ya ƙara lodi, a gangara kuwa birki ne ke tsai da mota.

Saboda haka kada mai saye ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya dogara ga bakaniken mai sayarwa. Ya tafi da nasa, ya biya shi ladan yininsa. In ciniki ya faɗa, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a sa lambar inji da ta shasi a ciki, a kuma rubuta ƙarara cewa injin na asali ne ko sauyi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka wanda ya sayi mota mai injin aro da saninsa, a kan kuɗin da ya dace, da takardu cikakku, ba a cuce shi ba. Allah ya sa a yi saye a sa'a, ya kiyaye hanya.