Ma'aunin Zafin Iska Na Injin Mota: Wa Ya Kamata Ya Sake Nasa?

Da yawa daga cikin akawuna da malaman makaranta bashi suka ci suka sayi mota, saboda haka ya kamata su san abin da makaniki ke karɓar kuɗinsu a kansa. Yau za mu yi bayanin wani ɗan abu wanda bai fi tsawon yatsa ba, makanikai na ce da shi sensa. Aikinsa auna zafin iskar da inji ke shaƙa.

Fetur ba ya ƙonewa sosai sai an gauraya shi da iska daidai wa daida, watau kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Iska kuwa in ta yi zafi sai ta yi sakayau. Wadda ta kai digiri 50 a ma'aunin Santigireti ta kasa mai digiri 20 nauyi da wajen kashi 9 cikin 100. A da kafireto ke gaurayawa. Amma a 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da dabarar feshin mai da lantarki, aka sa ta a motar Volkswagen 1600. Yanzu kwamfutar mota ke yanka wa inji rabonsa na mai, ma'aunin nan kuwa yana cikin masu kai mata labari.

Ga yadda ya ke aiki. A bakinsa akwai wata 'yar ƙwaya wadda ke tare wutar lantarki, in ta ɗumama sai tarewar ta ragu. Michael Faraday na Ingila ne ya fara lura da abu mai wannan hali a 1833. Kwamfuta kan aika masa da wuta bolt 5, ta duba yadda wutar ta sāke, ta gane zafin iska.

To, ma'aunin iri biyu ne. Akwai wanda aka rufe ƙwayarsa cikin kube na tagulla ko roba. Yana da ƙarko, amma sai kuben ya ɗau zafi kafin ƙwayar ta ji, don haka labarinsa kan makara. Akwai kuma mai buɗaɗɗen baki, wanda iska ke bugun ƙwayarsa kai tsaye, ya kai labari nan da nan.

Wannan bambanci ya fi muhimmanci ga inji mai turbo, domin matse iska na zafafa ta cikin daƙiƙa kaɗan. In direba ya taka mai a kan hawa, ma'auni kuwa bai farga ba, kwamfuta ba za ta jinkirta tartsatsin fulogi ba. Sai mai ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, in abin ya daɗe fistin ya lalace. Motar da ba ta da turbo kuwa, sake mata ma'auni ba zai ƙara mata gudu ba.

Wanda zai sake, muna jan kunnensa da abu uku. Na fari, kowace kwamfuta da lissafin da aka koya mata. Na Bosch ya kan nuna wajen om 2,500 a digiri 20, na General Motors kuwa wajen om 3,500. In an haɗa wani da kwamfutar wani ba a gyara lissafin ba, ƙarya za ta riƙa ji. Na biyu, a dasa shi bayan na'urar sanyaya iska, inda iska ke gudu, kada zafin jikin inji ya ruɗe shi. Na uku, a guji masu tallar ɗan abin da ke yaudarar kwamfuta ta zaci iska na da sanyi. Asarar mai ce kurum.

Shawararmu ga mai motar zuwa ofis ita ce, in fitilar inji ta kama, ya sa a duba da na'ura tukuna. Lambar P0113 sau da yawa waya ce ta tsinke ko soket ya kwance, ba ma'aunin ne ya mutu ba. Ya kuma kula da matatar iska, balle lokacin ƙurar hunturu. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.