Takardar Inshora Ba Ta Shingen 'Yan Sanda Kaɗai Ba Ce

Duk wanda ya san mararrabar Dayi, inda hanyar Malumfashi ta haɗu da ta Gwarzo zuwa Kano, ya san yadda motocin masara da dawa ke cika titi da kaka. In tsautsayi ya gitta, wata mota ta bugi wata, abin da aka saba shi ne dattawan tasha su taru, a ce ƙaddara ce, mai laifi ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, a watse. Sulhu alheri ne, amma sau da yawa wanda aka buga ne ke komawa gida da bashin makanike.

Alhali akwai haƙƙinsa a cikin takardar da direban ke nuna wa 'yan sanda. Tun da daɗewa doka ta wajabta wa mai mota inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023, hukumar kula da inshora, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, kamfanin inshora kuma zai iya biyan asarar dukiya har naira miliyan 3.

To, idan kamfanin ya yi tayin da bai kai kuɗin gyara ba fa? Tayin farko ciniki ne, kamar na buhun hatsi a kasuwa. Kada ka sa hannu a takardar karɓar kuɗi, domin da zarar ka sa, ka rufe bakinka da kanka. Hujja ce ke magana a nan: hoton motocin kafin a janye su, rahoton 'yan sanda, ƙiyasin makanike a rubuce, da rasit na kayan gyara da na asibiti. Rubuta wa kamfanin ƙin amincewarka, ka ajiye kwafi. In ya yi kunnen ƙashi, NAICOM na da sashen karɓar koke, bayansa kuma akwai kotu.

Sai dai a kula, takardun bogi sun yi yawa, kuma jabu ba ya biyan ko sisi. Tun a wurin hatsarin, a duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID ta waya. In takardar ta bogi ce, diyyar tana wuyan direban da mai motar, kuma a kan haka ya kamata dattawa su yi sulhun.