BABI NA UKU: TUMBUƊI DA MATSALOLIN SHAYAR DA JARIRAI A ƘASAR DAURA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi bayani a kan tumbuɗi da matsalolin shayarwa da ke tattare da shi a ƙasar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. An duba musabbabinsa da yadda al'ada ta ɗauke shi, sannan aka nuna inda ya kamata a bar dabarar gida a nufi asibiti.

3.1 Ma'anar Tumbuɗi da Musabbabinsa

Bahaushe ya bambanta tumbuɗi da amai. Amai yakan zo da yunƙuri da wahala, shi kuwa tumbuɗi nono ne ke dawowa ta bakin jariri bayan ya sha, ba tare da ya wahala ba. Dalili shi ne, a daidai inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe, wadda aikinta tsuke ƙofar tumbi. A jikin jariri wannan tsoka ba ta gama ƙwari ba. Bugu da ƙari, tumbinsa ƙarami ne, abincinsa duk ruwa ne, kuma yawancin yini yana kwance.

Hukumar NICE ta Ingila, a jagorar da ta fitar a shekarar 2015, ta nuna cewa aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna tumbuɗi. Yakan fara kafin yaro ya cika sati 8, kuma 9 cikin 10 na masu yinsa sukan daina kafin su cika shekara. Saboda haka, muddin yaro yana shan nono yana kuma ƙara nauyi, tumbuɗinsa bai zama cuta ba.

3.2 Matsayin Al'ada

Bisa ga al'ada, mai haihuwar fari takan tafi wankan gida, inda renon jariri yake komawa hannun kaka da ungozoma har a yi arba'in. Tsofaffi sukan ɗauki tumbuɗi alamar ƙoshi, kuma wannan fahimta ba ta yi nisa da ta likitoci ba. Matsala takan taso ne idan yaro ya riƙa ƙin kama nono ko ya yawaita kuka, domin a nan ne ake shiga waɗannan matakai:

(a) Zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri, bisa zaton gurɓatacce ne, alhali shi ke ɗauke da sinadaran da ke kare jariri daga cututtuka.

(b) Ɗura wa jariri ruwa ko dauri, musamman a zafin bazara. Wannan yakan cika ɗan tumbin nasa ya ƙara tumbuɗi, ya rage tsotso, nonon uwa kuma ya ragu. Nono kansa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne.

(c) Kai yaro wurin wanzami a cire masa beli. Beli ba shi da hannu a tumbuɗi, kuma cire shi yana iya jawo zubar jini ko shigar ƙwayar cuta, ciwon wurin kuma ya hana yaro tsotso.

(d) Lasa wa jariri zuma, wadda likitoci suka hana a ba yaron da bai shekara ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jiki.

3.3 Hanyoyin Sauƙaƙa Tumbuɗi

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ne ake shayarwa haka. Tumbuɗi ba hujjar sauya nono da madarar gwangwani ko ta shanu ba ne. Abin da ake bukata shi ne uwa ta tabbata yaro ya kama nono da kyau, bakinsa ya rufe yawancin baƙin da ke kewaye da kan nonon, don kada ya haɗiyi iska. Ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Idan ya gama, a ɗora shi a kafaɗa a shafa bayansa har ya yi gyatsa, a kuma riƙe shi a miƙe na kamar minti 20 zuwa 30. In zai yi barci a kwantar da shi rigingine, domin kwanciyar rub da ciki tana da haɗari ga ransa. Kada a sayo masa maganin gyambon ciki a kemis sai da umurnin likita.

3.4 Alamomin Haɗari

Akwai alamomin da ke nuna abin ya wuce tumbuɗi. Amai mai feshi da ƙarfi ga jariri ɗan sati 2 zuwa 8, musamman namiji, yana iya nuna tsukewar mafitar tumbi, wadda maganinta tiyata ne. Amai kore yana nuna toshewar hanji. Sauran su ne jini a amai ko a kashi, kumburin ciki, zazzaɓi, rama, ƙarancin fitsari da faɗawar maɗiga, wadda alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki. Duk ɗayan da aka gani, a garzaya da yaro asibiti a ranar.

3.5 Naɗewa

An ga cewa tumbuɗi yakan wuce da kansa, kuma galibin illar tana fitowa ne daga matakan da ake ɗauka don magance shi. Tun da yake kaka da ungozoma da wanzami da maigida su ke yanke shawara a kan jariri, wajibi ne faɗakarwar ma'aikatan lafiya a ƙasar Daura ta kai gare su, kada ta tsaya ga mai jego kaɗai.