Likitocin Yara a Najeriya: Mace-mace Sun Ragu, Amma Ban da na Jarirai

A shekarar 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, tamowa tana cin yara a kudu maso gabas, aka kafa Ƙungiyar Likitocin Yara ta Najeriya, wadda aka fi sani da PAN. Masu wannan fanni a lokacin 'yan tsiraru ne, yawancinsu a Ibadan da Legas, kuma sai mutum ya ƙetara Ingila kafin ya ƙware. Arewa ta sami nata da wuri, wato Farfesa Ishaya Audu, amma shi ma tun 1966 shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello ya ɗauke shi daga gefen gadon marasa lafiya.

Babban abin da wannan rukuni na farko ya yi shi ne dawo da horo gida. Ƙungiyar ta fara buga mujallarta ta bincike a 1974. A 1976 aka kafa Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa Najeriya da Ghana da Saliyo da Laberiya da Gambiya, da sashe na musamman na lafiyar yara, sannan a 1979 Najeriya ta kafa tata kwalejin ta ƙwarewa. Daga nan ne ya yiwu matashi ya gama karatun likita a Zariya, ya ƙware a Zariya, yana koyo a kan cututtukan da zai yi ta gani har ya yi ritaya: ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro, sikila, sanƙarau. Littafin Landan ba ya koya wa mutum yadda zai yi da yara uku a gado ɗaya a tsakiyar damina.

Alƙaluman binciken lafiya na ƙasa sun nuna an ci gaba. A 2003, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 201 ba sa kaiwa shekara biyar. A 2008 adadin ya sauka zuwa 157, a 2018 yana 132, kuma binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna ya ƙara sauka, ko da yake bai faɗo ƙasa da 100 ba.

Ba zan jingina wannan raguwa ga ƙwararrun asibitocin koyarwa kaɗai ba, kuma su kansu likitocin yara na gari ba su taɓa yin wannan iƙirari ba. Abin da ya fi ceton rai shi ne lokacin da suka yarda su fitar da iliminsu daga hannunsu su miƙa wa wasu. Tun ƙarshen shekarun 1950 Dokta David Morley ya gwada haka a ƙauyen Imesi-Ile kusa da Ilesha: asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar wanda ma'aikatan jinya ke gudanarwa, da katin awo da ke zama a hannun uwa. Katin nan da mata ke ɗaurewa cikin leda su kai awo, asalinsa daga can ne. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, shi ma likitan yara, da ya zama ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki wannan tunani ya mai da shi manufar ƙasa: asibitin sha-ka-tafi a kusa da jama'a, rigakafi, shayar da nono, ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa. A ganina wannan ita ce nasara mafi girma da fannin ya taɓa samu, domin ta kai ga uwar da ba za ta taɓa ganin ƙofar asibitin koyarwa ba.

Sai dai abin bai ɗore ba. Bayan 1990 rigakafi ya durƙushe, har binciken 2003 ya tarar kashi 13 cikin ɗari kacal na yara ne suka kammala allurarsu. A wannan shekarar ce aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, sai a 2004 aka dawo da shi. Wanda ya tuna gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yaran Kano a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya san cewa zargin jama'a ba daga sama ya faɗo ba. Dawo da amana ya ɗauki shekaru, kuma sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida ne suka ɗauki mafi nauyin aikin, har aka kai ga watan Agusta na 2020 da aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Rawar da ƙungiyar PAN ta taka a harkar rigakafi ita ce ta mai naci. A 2012 ta wallafa jadawalin rigakafin da take ganin ya dace da yaran ƙasar, da alluran da gwamnati ba ta fara bayarwa ba tukuna. Rigakafin ciwon haƙarƙari ya shigo a ƙarshen 2014, na gudawar rota sai 2022. Ga na rota, shekara goma ke nan tsakanin shawara da aiki, kuma yaran da gudawa ta kwashe a tsakanin ba za su dawo ba.

Akwai kuma wani adadi da ya ƙi motsi. Mutuwar jarirai a watansu na farko tana 40 cikin 1,000 a 2008, ta koma 39 a 2018, sannan 41 a binciken 2023 zuwa 2024. Dalilin a fili yake. Ƙyanda ana tare ta da allura, gudawa da ruwan gishiri da sukari, kuma ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye za ta iya duka biyun. Amma jaririn da ya fito bai yi kuka ba, minti ɗaya ake da shi a taimaka masa ya yi numfashi. Bakwaini yana buƙatar ɗumi da iskar oksijin da wutar da ba ta ɗaukewa. Shawara idan ta yi tsanani sai an sa jariri a ƙarƙashin fitila ta musamman, wani lokaci har a sauya masa jini, in ba haka ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. A arewa maso yamma kuwa mafi yawan mata a gida suke haihuwa, wasu ma ba ungozoma, a gasa cibiya, a bari sai bayan suna kafin a fita da jariri. Likitocin jarirai sun yi ƙoƙari: sun yaɗa shafa maganin chlorhexidine a cibiya, da goyon bakwaini a ƙirji fata da fata, da horar da ungozomomi dabarar farfaɗo da numfashi. Duk da haka ragowar aikin yana buƙatar ƙwararre a kusa da ɗakin haihuwa.

To, a daidai wannan lokaci ne ƙwararrun ke ficewa. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Horon da aka sha wahalar dawo da shi gida ya yi kyau har Ingila da Saudiyya suna rububin waɗanda ya yaye. Ba na ganin laifin matashin da ya shafe shekara biyar ko shida yana kwana a ɗakin jarirai a kan albashin da bai kai shi ƙarshen wata ba. Waɗanda suka rage kuma sun taru a manyan birane. Binciken 2018 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar tana 30 cikin 1,000 a Ogun, tana 252 a Kebbi, a ƙasa ɗaya, ƙarƙashin ƙungiya ɗaya.

Ƙungiya ba ta biyan albashi, ba ta gina asibiti. Amma tana da bakin faɗa a kan inda ake buɗe guraben horo da abin da ake koya wa ma'aikatan jinya. Ina ganin ya kamata ta sa nacin da ta yi a kan rigakafi wajen matsa wa gwamnonin jihohi lamba, kowane babban asibitin shiyya ya sami ɗakin jarirai mai oksijin da wutar sola, da ma'aikatan jinya da aka horar musamman don jarirai, likita ɗaya yana zagaya asibitoci uku ko huɗu yana duba aikinsu. Jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Jigawa ne ya kamata a fara da su.